Hoton da Bai Sauko Kwari Ba

Sannu-Sannu ake ce masa a gidan talabijin ɗin, har sababbin ma'aikata kan ɗauka sunansa ke nan na gaskiya. Direba ne. Da ƙuruciya ya yi karen mota a wata babbar motar kaya, ya ga mummunan hatsari da idonsa, da shi aka kwashe mutane daga kan kwalta. Tun daga ranar ƙafarsa ta daina nauyi a kan totur. Da ya samu aiki a gidan talabijin, 'yan jarida suka riƙa gudun motarsa. In an ce shi zai kai su ɗaukar rahoto, sai su ce to a roƙi masu taron kada su tashi sai gobe. Ba ya fushi. Iyakarsa ya ce, "Duk wanda na ɗauka dai da ƙafarsa ya koma gida."

Gidan da yake haya yana ƙasan gari, cikin wani kwari da tudu ya yi wa katanga. Ɗakuna biyu ne da ɗan falo, da tsakar gidan da igiyar shanya ɗaya ta cika. 'Yarsa tilo ta yi aure can saman tudu. Saura shi da matarsa da yayarsa.

Yayar kurma ce. Zazzaɓi ne ya tafi da jinta tun bakinta bai gama buɗewa ba. Ta yi aure, mijin ya rasu, ba ta haihu ba, sai ƙanen ya ɗauko ta da akwatinta da keken ɗinkinta. A bakin taga take zama tana gyaran kayan 'yan unguwa, rage wando, sa zif, toshe aljihu. Sai da ta girma sosai ta shiga ƙungiyar kurame ta koyi maganar hannu ta sosai, wadda ake iya faɗin komai da ita. Amma tsakaninta da ƙanenta, alamomin yarinta ne kawai: zo, tafi, ci, ruwa, zafi, ya mutu. Shi sunansa a hannunta murza sitiyari ne a hankali, da kumbura kumatu. Kullum yana cewa zai zauna ta koya masa ta sosai ɗin in ya samu hutu. Hutu ya zo ya wuce sau da yawa.

Abin da Yaya take jira a wuni shi ne labaran yamma. A kusurwar allon talabijin akwai wata mata mai gilashi da take fassara labarai da hannu. Hoton da ke isowa kwarin ba hoton kirki ba ne. Tudun yana tare shi, abin da ya tsallako sai ya zo da yayyafi, kowane mai karanta labarai da inuwarsa a gefe kamar tagwaye. To amma hannu hannu ne, ko cikin yayyafi ana ganin inda ya nufa. Yaya takan jawo kujera har gwiwarta ta taɓa teburin, ta kafa ido. In an gama ta juyo tana ba matar ƙanenta labari, ita kuwa ta yi ta gyaɗa kai ko ta gane ko ba ta gane ba. Da wannan 'yar kusurwa Yaya ta san ana yaƙi a wani wuri, ta san an yi ambaliya, ta san ranar da za a zo rigakafi. Sau tari ma ita ke fara sanin za a ɗauke ruwan famfo, ta cika robobi tun masu kunne ba su farga ba.

Shekarun Sannu-Sannu sun fara jawowa kusa da ritaya lokacin da aka ce za a kashe tsohon tsarin watsa shirye-shirye, a koma na dijital. Akwai tsari iri biyu da ake so a gwada kafin a zaɓi ɗaya. Aka kawo wata farar mota mai rufin akwati, cikinta kamar ɗakin likita, ga na'urori, ga allo biyu a jere, ga sandar eriya da ake murzawa ta miƙe sama da rufin. Shugabar aikin wata injiniya ce, siririya, marar yawan magana. Da aka jero mata direbobi ta ce ita wanda aka fi kuka da rashin saurinsa take so, don na'urorin ba sa son girgiza. Ranar ce farkon ranar da laƙabinsa ya yi masa rana.

Sunayen tsarin biyu haruffa ne da lambobi da ba su zauna masa a ka ba. Injiniya ta manna jan tef a kan allo ɗaya, koren tef a kan ɗayan, shi ke nan kowa a motar ya koma cewa Ja da Kore. Daga dogon ƙarfen tasha da ke bayan gari ake turo shiri guda ta hanya biyu, su kuma su yi ta yawo suna duba inda kowanne ya kai. Su tsaya a bakin kasuwa, su tsaya a tsakanin dogayen benaye, su fita ƙauyuka, su ɗaga eriya, su sauke, su shiga da 'yar ƙaramar eriya cikin ɗakin wani. Wani lokaci ta ce ya yi ta tafiya kawai tana kallon allon.

Wata rana suna shan shayi a gindin wata bishiya ya ce, "Ranki ya daɗe, ni fa har yanzu ban ga bambancinsu ba. Mutumin da ke cikin wannan, shi ne a cikin wancan."

Ta yi murmushi. "Baba, a fili ba za ka gani ba. Ja yana ɗaukar tashoshi da yawa, hotonsa ya fi fita, amma yadda aka saita shi yana son eriya a sama da hanya a buɗe. Kore kayansa kaɗan ne, amma ya fi jure wahala. In sigina ya bugi gini ko tudu ya dawo, Kore yakan tattara abinsa ya miƙe."

"To inda siginan ya yi rauni fa? Yayyafi zai ƙaru?"

"Dijital ba ya yayyafi. Ko ya zo duka, ko kada ya zo sam."

Wannan maganar ta tsaya masa a rai. Ya bari har suka hau hanya. Sannan ya yi abin da bai taɓa yi ba a aikinsa, ya roƙi alfarma. Ya ce in ba zai ɓata aiki ba, a saka unguwarsu cikin wuraren gwaji. Ta tambaye shi dalili, ya gaya mata labarin Yaya. Ta ce dama irin wurin take nema.

Ranar da farar motar ta gangaro kwarin, unguwa ta fito kallo. Ya faka a ƙofar gidansa, daura da shagon mai aski, wanda rabin cinikinsa daga masu zuwa kallon ƙwallo yake. Aka murza sandar ta miƙe. Lokacin labaran yamma ya yi. Allon Ja ya kawo hoto, ya tsaya cak, fuskar mai labarai ta farfashe gida-gida kamar an watsa tayil, sannan ya yi baƙi. Ya sake kawowa, ya sake ɗaukewa. Allon Kore kuwa ya tsaya garau.

Injiniya ta leƙo ta ce, "Baba, kira ta mana."

Yaya ta fito tana goge hannu a zani, tana ɗari-ɗari da matakalar motar. Aka zaunar da ita gaban Kore. Ta kafa wa allon ido. Can ta kamo hannun rigar ƙanenta, ta nuna kusurwar allon, ta nuna nata yatsan. Ashe matar mai gilashi zobe gare ta. Ashe wushirya gare ta. Shekara da shekaru suna tare, yau ta ga fuskarta. Sai kuma ta fashe da dariya, irin dariyarta mai ƙara da ba ta san ƙararta ba, tana dukan cinya. Daga baya matarsa ta fahimtar da shi cewa akwai wata alama da Yaya ta daɗe tana karantawa ba daidai ba, saboda yatsa ɗaya da yayyafi ke ɓoyewa. Abin da take ɗauka majalisa ce, ashe asibiti ake nufi. Ta sha mamakin yadda ake yawan kai marasa lafiya majalisa.

Injiniya ba ta yi dariya ba. Tana ta duba na'urarta tana rubutu.

Da ya mayar da motar ya dawo gida da dare, mai aski ya tare shi. "Direban gwamnati, wanne za a ba mu?"

Sannu-Sannu mutum ne mai taka magana kamar yadda yake taka mota. Amma ranar zuciyarsa ta riga shi. Ya ce, "Kai ma ka gani da idonka. Ai ba a tambaya. Kore ne." Haka ya gaya wa duk wanda ya tambaya. Haka ya gaya wa Yaya: ya nuna koren murfin wata roba, ya nuna talabijin ɗinsu, ya ɗaga babban yatsa. Ta ɗinka wa talabijin ɗin sabuwar riga mai leshi a baki.

Watanni suka wuce, gwaji ya ƙare, manya suka shiga taro. Shi ya kai Injiniya babban otal ɗin da aka yi zaman ƙarshe, ya jira a wajen ajiye motoci tare da sauran direbobi. Da ta fito ba ta shiga baya ba kamar yadda ta saba, gaba ta zauna kusa da shi. Da suka hau titi ta dube shi.

"Ja aka ɗauka, Baba."

Ya rage gudun da dama babu shi. "Ba ki nuna musu namu ba?"

"Na nuna. Sun gani, ba su musa ba." Ta cire gilashinta tana murza ido. "Ƙasashen da ke kewaye da mu duk Ja suke amfani da shi, dikodarsa, akwatin da ke kamo shi, ta cika kasuwa, talaka zai iya saye. Ga tashoshi da yawa. Mafi yawan mutane a fili suke, zai kai musu lafiya lau. Ni ma da aka zagayo kaina, Ja na ce."

Ya juyo ya dube ta, abin da ba ya yi in yana tuƙi.

"Ba zan yi maka ƙarya ba," in ji ta. "In aka duba ƙasar gaba ɗaya, shi ne daidai. Amma na sa an rubuta cewa wurare irin naku sai an kafa musu ƙaramin ƙarfe a kan tudu, ya karɓo ya sauko musu da shi. Sun amince."

"Yaushe?"

"A kashi na biyu na aikin."

Ya daɗe a aikin gwamnati, ya san abin da ake nufi da kashi na biyu. Ya ce, "Allah ya nuna mana." Ya sauke ta a ƙofar gidanta, ya mayar da mota, ya hau ta haya zuwa gida. Bai ji haushinta ba, abin da ya fi damunsa ke nan. Da akwai wanda ya ci amana, da ya samu inda zai ajiye ɓacin ransa.

Bai gaya wa Yaya ba. Matarsa ta ce, "Malam, gara ta ji daga gare ka." Ya ce da wane hannun zai faɗa? Yana da alamar e, yana da alamar a'a. Ba shi da alamar an duba ƙasa gaba ɗaya.

Ranar da aka kashe tsohon tsarin, ya riga ya sayo dikoda ya haɗa. Yaya ta jawo kujerarta. Hoto ya zo tar, ta tafa hannu. Matar mai gilashi ta ɗaga hannu za ta fara, sai hannun ya tsaya a sama, ya rabe gida-gida, allon ya yi baƙi da wani ɗan rubutu a tsakiya. Ya dawo tana tsakiyar wata maganar daban. Ya sake tsayawa. Mai ji yakan tsinci kalma nan da can ya haɗa. Maganar hannu kuwa motsi ce, in motsin ya yanke babu abin da ya rage. Yaya ta dubi ƙanenta, ta bubbuga gefen talabijin ɗin kamar yadda suke yi a da, ta nuna masa sama, wato ya je ya juya eriya.

Ya hau ya juya. Washegari ya sayo sabuwar eriya mai haƙora da yawa. Ya ƙara bututu a kan bututu, ya ɗaure da waya ta kusurwa uku, har abin ya fi duk rufin unguwar tsawo. In gari ya yi sanyi da safe hoton kan zauna na ɗan lokaci, da yamma kuwa, lokacin da ake bukatarsa, sai ya gudu. Iskar farkon damina ta kwantar da bututun a kan rufin maƙwabci, ta fasa masa kwano. Mai gidan haya ya zo da kansa ya ce kada ya sake ganin ƙarfe ya wuce tsayin mutum a kan gininsa.

Unguwa kuwa ba ta manta ba. Mai aski, da shagonsa ya koma shiru ranar ƙwallo, in ya hango shi sai ya ce, "Baba Kore, yaya hoto?" Da wasa yake faɗa, amma sunan ya bi shi. Wasu suka ce ai da shi aka haɗa baki, tunda shi ya kawo motar. Daga baya masu hali suka kafa farantin satalayit a rufi, suka kamo tashoshin waje, mai aski ma ya kafa, ƙwallo ta dawo. Sannu-Sannu ya kai Yaya shagon ta duba. Tashar gida mai matar nan ba ta kan farantin. Akwai wata tashar waje mai mai fassara, Yaya ta kalla kaɗan ta girgiza kai: ba irin hannunsu ba ne, wani yare ne daban. 'Yarsa ta gwada nuna mata a waya, kusurwar ta koma kamar ƙwayar wake, idon Yaya kuma ya riga ya sha zare da allura. Ga shi ko wayar ma a kwarin sai an fita bakin titi take kamawa.

Sai ya koma raka ta saman tudu gidan 'yarsa, inda hoto ke zuwa ba gardama. Suna hawa a hankali, tana hutawa a kan kowane dakali. Surukan mutanen kirki ne, suna ba ta kujerar gaba. Amma falon cike yake da jama'a, yaran gidan suna son tashar katun, kuma in Yaya ta yi dariyarta sai kowa ya waiwayo. Ta je 'yan kwanaki. Wata yamma ya ɗauko takalmansa ya yi mata alamar tafi, ta nuna gwiwarta ta yi alamar zafi. Washegari ma haka. Bai sake tambaya ba.

Ya bi sawun ƙaramin ƙarfen. Duk ofishin da ya shiga ana karɓarsa da fara'a, don kowa ya san shi. "A'a, Sannu-Sannu, shigo mana. Maganar tana nan, ba a manta ba." Injiniya ta samu wani aiki a wata ƙasa. Kafin ta tafi ta neme shi a wajen wankin motoci, ta ce ta sake tura takardar. Ta ce ya gaida Yaya. Ya ce za ta ji, sannan ya lura da abin da ya faɗa. Farar motar aka kwashe na'urorinta, aka mayar da ita ta ɗaukar kujeru in ana taro. Shi ya ci gaba da tuƙa ta har ranar da aka yi masa ɗan bikin sallama aka ba shi agogon bango.

Da ya zauna a gida, sai ya ce to yanzu ga hutu ya samu. Ya sayi rediyo. Da yamma ya zauna kusa da keken ɗinkin, ya kara rediyon a kunne, yana saurare yana juya wa Yaya da hannu. A nan ya gane iyakar abin da ya mallaka. In an ce shugabannin ƙasashe sun gana kan farashin mai, ya nuna mutane, ya nuna zama, ya tsaya. In an ce jirgin ruwa ya kife, ya yi ruwa, ya yi ya mutu. Ta tambaya da hannu: ina? su wa? me ya sa? Ya buɗe tafukansa. Duk labaran duniya a hannunsa sun koma ruwa da mutuwa da zafi.

Ya ce ta koya masa. Ta gwada, tana kama yatsunsa tana lanƙwasawa. Yatsun da suka yi shekaru riƙe da sitiyari sun ƙi lanƙwasuwa, kan ma ba ya riƙewa. Abin da ta koya masa yau, gobe ya juye shi. Da farko tana dariya, daga baya ta daina. Wata rana yana cikin kokawa da wata alama, ta kama hannayensa biyu ta ajiye masa su a kan cinya, ta ɗan bubbuga su, ta koma kan ɗinkinta.

Ƙungiyar kuramen ma ta yi nisa da ita yanzu, sai an hau mota biyu, kuma tsofaffin ƙawayenta sun ragu. Matarsa ta ce tana lura Yaya ta rage magana, wuni guda hannunta bai tashi ba sai don a miƙo almakashi. Ranar da aka yi sanarwar ɗauke ruwa na kwanaki, shi ya ji a rediyo amma ya sha'afa, gidan ya wayi gari robobi a bushe. Yaya ta duba famfo, ta dube shi. Ta ɗauki bokiti ta bi layin rijiya tare da sauran mata.

Kashi na biyu bai zo ba har yau. An ce ma yanzu hankalin manya ya koma kan wani sabon tsarin da ya fi Ja, za a sake gwaji. Mai aski ne ya gaya masa, ya ƙara da cewa ko zai koma ya tuƙa musu. Sannu-Sannu ya ce idonsa ba ya ganin titi sosai, kuma yanzu yara masu sauri ake so.

Mai gidan hayar ya ce zai rushe ginin ya yi shaguna. Matarsa tana so su nemi ɗaki a saman tudu kusa da 'yarsu, amma haya a can ba ta ɗan fansho ba ce. Wurin da suka samu yana can ƙasa da inda suke, kusa da rafi. Sun je sun gani shi da matarsa. Ɗakin Yaya yana da taga, haske yana shiga, za ta iya ɗinki. Ya ce wa mai sabon gidan sun karɓa, za su tare ƙarshen wata.